Yadda Na Talauta Motata

Duk wanda ya san ni a garin Penal ya san ba ni da cika baki. Abin da na sani ne dai ba na iya ɓoyewa, kuma matsalar ita ce na san abubuwa da yawa. Na shafe shekaru ina gadin ƙofar matatar mai, motocin injiniyoyi na wucewa ta gabana safe da yamma, saboda haka a harkar mota ba wanda zai koya mini komai. Da kunne kawai nake gane ciwon inji. Batun cewa ban taɓa mallakar mota ba sai bayan na yi ritaya, wannan wani zance ne daban.

Da kuɗin sallamata suka fito, sai na nufi wurin dillalin da ke shigo da motocin hannu daga Japan, na zaɓi wadda ta fi kowacce yawan maɓallai. Fara ce sol. A rufinta akwai tagar gilashi mai buɗe kanta. Kujerunta na fata ne. Ƙarafan tayoyinta na walƙiya kamar sabon faranti. A gaba akwai allo mai nuna maka abin da ke bayanka idan za ka ja da baya, kuma a cikin allon akwai wata mata da ke gaishe ka da Japananci duk sa'ad da ka tayar da inji. Dillalin ya ce har ɗumama mazaunai kujerun gaba suke yi, domin a garin da ta fito ƙanƙara ke zuba. A nan Trinidad, inda kwalta ke narkewa da tsakar rana, ban ga ranar da zan buƙaci wannan ba. Amma na ji daɗin sanin ina da shi, Cuthbert kuwa ba shi da shi.

Cuthbert shi ne mai shagon da ke kallon gidana, abokin kartata kuma abokin gardamata tun muna samari. Motarsa tsohuwar a-kori-kura ce da ake ɗaure ƙofarta da igiya.

A bayan babbar mota aka kawo mini tawa har gida, don ba ta da inshora tukuna, ba halin ta hau titi. Sai ta zauna a tsakar gida, ni kuma na zauna kusa da ita. Duk wanda ya zo wucewa sai na tsayar da shi. Mai kai wasiƙu ya ga yadda rufi ke buɗewa. Mai sayar da kifi ya ji gaisuwar matar Japan har kifinsa ya fara wari. Tanti Verna, tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu, na ɗauko ta daga barandarta da ciwon gwiwarta na zaunar da ita a kujerar fata, na ce ta shafa ta ji.

“Basdeo,” in ji matata Doolarie daga tagar kicin, “ka bar mutane su je kasuwa.”

“Ilimi nake ba su kyauta.”

“Sun ƙoshi.”

Ana cikin haka bikin Narine ya matso. Narine ɗan yayata ne, Didi Phulo, kuma ranar Lahadi za a raka shi gidan amarya a Barrackpore. Didi ta riga ta yi cinikin motar haya da za ta ɗauki ango. Na je har gidanta na ce ta soke. Na ce muddin ni Mamun yaron nan, wato kawunsa, ina raye, ba zai shiga motar haya ba, a tawa zai tafi, a gaban ayari, a gaban makaɗa, mutanen Barrackpore su san irin gidan da suka ba 'ya. Ta ce in dai na tabbata. Na ce ta taɓa jin na faɗi abin da ban tabbatar ba? Ta dube ni ta daɗe, amma ta soke.

Saura inshora. Na kira kamfanin, suka gaya mini abin da zan riƙa biya, suka ce ranar Juma'a za su turo ma'aikaciyarsu ta ga motar da idonta kafin a sa hannu. Da yamma muna karta a gaban shago na ba Cuthbert labari.

“Za ta tambaye ka abubuwan ƙari,” in ji shi, idonsa na kan kartarsa.

“Ta tambaya mana. Sai ta gaji da rubutu.”

“Haka nake tsoro. Ka san a wurin mutanen nan kowane maɓalli kuɗi ne? Ɗan kawuna na Siparia, saboda taga ɗaya tal a rufin motarsa suka ninka masa. Taga ɗaya, Basdeo. Kai kuwa motarka kamar jirgin sama.”

Na yi dariya, amma kartar da ke hannuna ta daina yi mini ma'ana. Na tsallaka gida na leƙa cikin motar. Maɓallai a sitiyari, maɓallai a ƙofa, maɓallai a rufi, wasu ma har yau ban san aikinsu ba, don duk rubutun na Japan ne. Kowanne na kalla sai in ga kamar hannu yake miƙo mini.

Nan take dabara ta zo mini, irin dabarar da ba kowane kai take sauka ba. Tunda arzikin motar ne zai ja mini, to zan talauta ta. Kafin Juma'a zan mayar da ita motar talaka tilis, matar inshora ta zo ta ga taya huɗu da sitiyari, ta sa hannu ta tafi, in cire mata kayan talauci ta koma gimbiyarta.

Doolarie ta saurare ni tana murza ƙullin roti, gurasarmu ta nan.

“Me zai hana ka kira su ka tambaya ko sai an faɗi abin da motar ta zo da shi?”

“Wanda ya tambaya ai ya tona kansa.”

“Wanda ya tambaya ya sani dai.”

“Ke dai ba ni ledar nan mai gam da kika lulluɓe kabad da ita.”

Da farar ledar na rufe tagar rufi ciki da waje, na goge da tsumma har ta kwanta. Daga nesa, idan mutum ya ɗan lumshe ido, ba zai ce akwai taga ba. Na je wurin masu tsofaffin kayan mota na sayo murafan taya na roba, na ɗaure su da waya a kan ƙarafan nan masu walƙiya. Uku iri ɗaya ne, na huɗun ya fi su girma, amma na ce ai haka motar talaka take. Kujerun fata na lulluɓe su da tsohon labulen falonmu mai hoton aku. Allon gaba na manna masa kalandar shagon siminti. Maɓallai kuwa na bi su ɗaya bayan ɗaya da baƙin tef, na danne sosai don kada ya ɓare.

Matar Japan ce ta gagare ni. Na shiga ƙarƙashin sitiyari na saurara da kunnen nan nawa, na gano wayar da na tabbata ita ce maƙogwaronta, na finciko ta. Na tayar da inji. Ta gaishe ni da muryarta mai daɗi kamar ba abin da ya faru. Esi mai sanyaya motar ne ya mutu.

“Ka kashe ta?” in ji Doolarie.

“Na raunana ta.”

Na roƙe ta ranar Juma'a ta tsaya kusa da taga ta riƙa buga tukwane idan na tayar da mota. Ta ce tukwanenta ba su yi mata laifin komai ba. Sai na yanke shawarar zan yi tari.

Abu ɗaya ya rage, kuma shi ya fi ciwo. Duk layinmu ba wanda bai san sirrin motar nan ba, don ni da bakina na karantar da su. Dole na bi gida-gida ina roƙo. Na ce idan matar inshora ta yi wa wani magana, a ce mata motar Basdeo ba wata mota ba ce, haka nan take fayau.

“Wace motar?” in ji Tanti Verna. “Wadda ka ce wani minista ya hau a Japan?”

“Cewa na yi ta yi kama da ta minista, Tanti.”

“To yanzu ta wa za mu ce ta yi kama da ita?”

“Ku dai rage mata daraja kaɗan.”

“Kaɗan,” in ji ta, tana gyaɗa kai. “Kada ka damu, ɗana. Za mu taimake ka.”

Yadda ta faɗi haka ya kamata ya sa in sha jinin jikina. Amma ni godiya na yi mata.

Ranar Juma'a aka tashi da wani irin zafi mai ɗaure numfashi, hadari na haɗuwa ta kudu. Tun kafin azahar na lura shagon Cuthbert ya cika. Mutanen da ban taɓa ganin sun sayi ko ashana ba sun zo da kujerunsu. Tanti Verna ta sa hular zuwa coci.

Ma'aikaciyar ta iso a wata ƙaramar mota. Madam Alleyne sunanta, mace mai jiki da natsuwa, tabarau na rataye a wuyanta da sarƙa. Ta gaishe ni, ta sa tabarau, ta zagaya motar a hankali. Ta ce in buɗe bonet. Ta duba lambar da aka buga a jikin ƙarfe, ta duba wayarta, ta sake duban motar. Ta tsaya a kan murfin tayar nan babba ta ɗan jima.

“Mista Basdeo, akwai wani abu na ƙari a jikinta?”

“Ko ɗaya, Madam. Ni mutum ne mai sauƙin rayuwa. Taya huɗu, sitiyari ɗaya.”

“Gaskiya ya faɗa,” in ji Cuthbert, wanda ya riga ya tsallako titi, jama'a na biye da shi. “Ni ban taɓa ganin mota marar komai irin wannan ba. Da aka sauke ta na ɗauka firji ya saya.”

Na yi murmushi. Haka muka shirya, ko da yake ban ce a kai ga firji ba.

“Ni tausayi ya ba ni,” in ji Tanti Verna. “Mutum ya yi aiki duk rayuwarsa, ya ƙare da wannan. Na ce masa, Basdeo, da keke ka saya.”

“Kullum da safe sai mun tura ta,” in ji mai kifi.

“Ba a taɓa tura ta ba,” na ce.

“To ja muke yi.”

Madam Alleyne tana ta danne-danne a wayarta. “Idan haka ne darajarta ta faɗi sosai,” in ji ta. “Ko sace ta aka yi, abin da za mu biya ka ba zai taka kara ya karya ba.”

“Wa zai sace ta?” in ji Cuthbert. “Ɓarawo ma yana da mutunci.”

Na haɗiye wannan ma.

Ta buɗe ƙofa ta zauna a kujerar gaba, a kan akun labule, ta ce in shigo in tayar. Na shiga, na cika ƙirjina da iska, na murɗa, na fashe da tari. Matar Japan ta fara gaisuwa. Na ƙara ƙarfi. Kullum gaisuwarta gajeriya ce, amma ran nan, ko don wayar da na cire ne, sai ta zarce da wani dogon bayani. Na yi tari har na ƙarya ya koma na gaske, hawaye na zuba, numfashina ya ƙare. Na tsaya in sheƙi iska. A cikin shirun nan ta ƙarasa jawabinta tsaf, cikin ladabi.

“Wa ke magana?” in ji Madam Alleyne.

“Rediyo ne. Tashar Venezuela ce, iska ke kaɗo ta idan hadari ya haɗu.”

“Sifaniyanci ya canja tun da na bar makaranta.”

“Na mutanen tudu ne, Madam.”

“To. Ɗan ja da baya in ji birki.”

A nan ne na tuna wani abu. Duk 'yan kwanakin nan da nake gaba da baya a tsakar gida don jama'a su gani, da allon nan nake yi. Ban taɓa juya wuyana ba. Na sa giyar baya, idona ya tafi inda ya saba, na ga hoton buhun siminti da watan Yuli. Motar ta fara ƙara, ɗis, ɗis, ɗis, tana gargaɗina.

“Wannan kuma fa?”

“Tsuntsu ne. Sheƙa ya yi a bishiyar can.”

Tsuntsun ya ƙara sauri, ya koma kuka ɗaya miƙaƙƙe, sai ji na yi gum. Na daki duron da Doolarie ke tara ruwan sama. Duron ya kife a kan shukar barkononta. Babban murfin tayar nan ya tsinke daga wayarsa, ya gangara ya fice ta ƙofar gida, ya tsallaka titi, ya yi 'yar rawa a gaban shago ya kwanta. Ƙarfen tayar ya fito fili yana ƙyalli kamar haƙorin zinariya.

Cuthbert, Allah ya saka masa, ya matsa ya tsaya a gaban tayar ya kare ta da ƙafafunsa.

“Ba komai, Madam. Kullum sai wani abu ya faɗo daga jikinta. Jiya ƙofa ce.”

Doolarie ta fito ta tsaya a kan barkononta ta naɗe hannu.

A lokacin ne na fara jin wani ɗumi yana taso mini ta ƙasa. Da farko na ɗauka kunya ce. Sai na ga Madam Alleyne ma ta gyara zama. Ta sake gyarawa. Na saci kallon maɓallan da ke tsakaninmu, na hango wata 'yar jar fitila tana leƙowa ta gefen tef. Ashe garin dannewa na danne maɓallin ɗumama kujeru har ƙarshensa, gam ya riƙe shi a nan. Ga esi na kashe da hannuna. Gumi ya fara bin bayana kamar an buɗe famfo.

“Mista Basdeo, kujerar nan zafi take yi.”

“Rana ce, Madam.”

“A gidanku ta ƙasa rana ke fitowa?”

“Labulen ne. Yana riƙe zafi.”

“Kai ba ka ji?”

“Ni sanyi ma nake ji,” na ce, ina ɗaga gefe ɗaya na jikina a hankali ina sauke ɗayan, kamar mai gasa masara.

Da a nan aka tsaya, ina ganin da na tsira. Na ɗauki zagin firji, na ɗauki na keke, ina cikin ɗaukar gashin kujera. Amma sai ga tasi ta tsaya a ƙofar gida, Didi Phulo ta fito, ango Narine na biye da ita da kwalin furanni da ribon. Sun zo gwada yadda za a yi wa motar ado. Ita kaɗai ce a duniya na manta ban gaya wa shirin ba.

Ta kutsa cikin jama'a daidai lokacin da Tanti Verna ke cewa, “Ni ko akuyata ba zan ɗora a ciki ba, sai dai in ta yi mini laifi.”

Didi ta tsaya. Ta dubi murafan roba. Ta dubi duro a kife da bayan mota a lotse. Ta leƙo ta taga ta ga labulen da ita da kanta ta ba mu lokacin aurenmu, ta ga kalanda, ta ga tef ko'ina, ta ga ƙanenta yana tsiyayar gumi.

“Basdeo, mece ce wannan?”

“Mota ce, Didi.” Na kanne mata ido.

“Ina wadda ka ce? Mai taga a sama? Mai magana?”

Na sake kanne mata ido, da ƙarfi.

“Me ya sami idonka? Tambayarka nake yi. A wannan akwatin za ka kai mini ɗa Barrackpore? Ka sa na soke motar mutane don dangin amarya su yi shekara suna mana dariya?”

“Mamu,” in ji Narine a hankali, “ko sayar da waccan ka yi?”

“Babu wata waccan,” in ji mai kifi. “Mafarki ya yi.”

Didi ta juya tana neman mafita, idonta ya sauka a kan a-kori-kurar da ke tsallaken titi. “Cuthbert, motarka na tashi?”

“Tana tashi, Didi, in an lallaɓa ta.”

“To ita za ta ɗauki ango. Gara a-kori-kura, ita aƙalla ba ta yi wa kowa ƙarya ba.”

“Sai in sake mata sabuwar igiya saboda biki,” in ji Cuthbert.

Ban san lokacin da na fito daga motar ba. Abin da na sani shi ne na tsinci kaina a tsaye, wandona na manne da jikina, ina nuna Cuthbert da yatsa.

“A-kori-kurarka? A gaban wannan? Kun san abin da kuke kallo kuwa?”

Na fizge labulen daga kujerata. “Fata ce wannan, ta saniyar Japan.” Na ɓare kalanda. “Wannan allo ne, yana ganin abin da ke bayanka tun kafin kai ka gani.” Na bi murafan taya da ƙafa ina ɓarar da su. “Ku duba ƙarfe. Wa ke da irinsa daga nan har San Fernando? Kuma ba rediyo ba ne, mata ce, a cikin motar take, gaishe ni take yi. Kai wa ke gaishe ka a taka? Kujerun nan da kuke gani, ɗumama mutum suke yi. Madam, gaya musu.”

“Na shaida,” in ji Madam Alleyne daga ciki.

“Ga kuma babban.”

Na zura hannu na ɓare tef ɗin rufi, na danna maɓalli. Na manta da leda. Gilashin ya ja da baya yana jan ledar kabad, tana tattarewa tana shigewa cikin hanyarsa, yana taunarta da wani irin gurnani. Ya buɗe har ƙarshe, wani abu ya ce ƙas, ya tsaya. Na sake dannawa don ya rufe. Shiru. Na danna da yatsa biyu. Matar Japan ta faɗi wata gajeriyar magana, wadda ko ba ka jin harshen ka san ta'aziyya ce.

Sai hadarin da ke haɗuwa tun safe ya sauke kayansa.

Jama'a suka ruga ƙarƙashin rumfar gidana, ba wanda ya tafi gida. Ruwa ya riƙa zuba ta tagar rufi kai tsaye a kan Madam Alleyne. Kujerar da ke ƙarƙashinta ta fara fitar da tururi. Ta zauna a cikinsa kamar mai surace, ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

“Yanzu na ɗan ji daidai,” in ji ta.

Ta fito ba gaggawa, ta shigo rumfa, Doolarie ta miƙa mata tawul. Ni ina tsaye a cikin ruwa da guntun labule a hannu.

“Mista Basdeo,” in ji ta, “tun kafin in baro ofis na san motar nan tana da taga a rufi, da allo, da kujeru masu zafi. Lambar jikinta ta gaya mana irinta. A kamfaninmu, duk abin da maƙeranta suka sa mata yana cikin kuɗin da muka faɗa maka tun farko. Da ka lissafa mini su, da na ce na gode, shi ke nan. Abin da muke tambaya shi ne wanda mai mota ya ƙara ko ya canja da hannunsa.”

Ruwa na shiga mini kunne. Na ce, “To me ya sa kika bar ni ina ta yi?”

“Na daɗe a aikin nan ban taɓa ganin mota mai kalanda ba. So na yi in ga ƙarshen abin.”

Na juya wajen Cuthbert. “Ɗan kawunka na Siparia fa? Wanda aka ninka wa saboda taga?”

“Au, shi?” Ya sosa ƙeya. “Ai shi da kansa ya yanka tasa da injin yankan ƙarfe. Ban faɗa maka ba?”

Madam Alleyne ta ce za ta ba ni inshorar, a kan kuɗin da aka faɗa, ba ƙari ba ragi. Sai dai duk ɓarnar da aka yi kafin a sa hannu ba ruwan kamfani da ita, kuma dole ta rubuta ta. Ta tambaye ni me da me na taɓa. Ban samu na buɗe baki ba. Maƙwabtana, waɗanda ɗazu ba su ga komai a jikin motar ba, yanzu ba abin da ya ɓace musu.

“Rufi.”

“Esi.”

“Baya ya lotse.”

“Gam a kan allo.”

“Barkonona,” in ji Doolarie.

“Wannan ba a jikin mota yake ba, Madam,” in ji matar inshora.

“Ki dai rubuta. Zai biya.”

Ran Asabar na kai ta wurin makanike, ya leƙa ya ce kayan rufin sai an aiko daga Japan, maɓallin kujera kuwa gam ya shige cikinsa, in ya taɓa ba ya ɗaukar alhakin abin da zai sake mutuwa. Motar haya an riga an ba wasu. Didi ta auna tsakanin igiyar Cuthbert da ramin rufina, ta zaɓi rami.

Haka muka kama hanyar Barrackpore ranar Lahadi, mu ne a gaba, makaɗa na bin mu a baya. Didi ta ce ango a kujerar gaba zai zauna don kowa ya gan shi. Ba mu fita daga Penal ba Narine ya fara mutsu-mutsu a cikin rigarsa ta angonci.

“Mamu, ina ƙonewa.”

“Daure. Aure ma haka yake.”

Bai daure ba. Ya miƙe ya taka kujera ya fito da rabin jikinsa ta ramin rufi, da doguwar hular ango a kansa, wani ya miƙa masa lema saboda yayyafi. A haka muka shiga garin amarya. Mutane suka fito bakin titi suna tafi, mata na watsa masa furanni, makaɗa suka ƙara wuta. Wani dattijo ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin ango ya shigo da irin wannan isa ba. Na leƙo ta taga na gaya masa ni na tsara.

Ango ya sami hanyar tsira. Direba kuwa ba ya tuƙi a tsaye. Tun daga Penal har ƙofar gidan amarya, a tafiyar ayari mai kamar ta hawainiya, ina zaune a kan wutar nan ina murmushi ina ɗaga wa jama'a hannu.

Da aka zo cin abinci, uban amarya da kansa ya kamo hannuna ya kai ni kan benci na manyan baƙi, aka shimfiɗa mini ganye aka zuba roti da kabewa da mangwaro mai yaji. Na dubi bencin nan na katako. Na ɗauki ganyena na tsaya a gefe.

“Mamu, zauna mana,” in ji shi. “Nan wurinka ne.”

“Na gode. A Japan manya a tsaye suke cin abinci.”

“Ashe ka taɓa zuwa Japan?”

Mutanen da ke kan bencin duk suka juyo suna jira. Na gyara tsayuwa, na gyara murya, na buɗe baki. Doolarie ta yago roti mai faɗin tafin hannu ta cusa mini a ciki.

“Bai je ba,” in ji ta. “Ku ci abincinku.”